Kwamfutar da Lucia Za Ta Kawo

Litinin, 5 ga Oktoba 1998, ƙarfe bakwai na safe

Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar hoto a Kafanchan, ban taɓa ajiye littafi na kaina ba, sai akwatunan nagatif. Yau na fara. Ban san dalili ba, ko kuwa na sani.

Jiya bayan sujada aka aiko daga shagon Madam Somkene cewa ƙanwata Lucia za ta bugo waya daga Ingila ƙarfe biyu. Ba mu da waya a gida, a can nake amsawa. Lucia nas ce, shekararta tara a ƙasar. Ta ce za ta zo Kirsimeti, kuma za ta riƙo mini kwamfuta irin wadda ake ninkewa a sa a jaka, laftof. Wai masu hoto a can sun daina gyaran fuska da fensir a kan nagatif, komai a kwamfuta ake yi, har tace bidiyo. Na fara maganar kuɗi ta ce ba ruwana. Abin da take so kawai in zaɓa, don ita ba ta san aikin hoto ba. Za ta aiko da takardar kantin ta faks, ni kuma in ba ta amsa kafin ashirin ga Nuwamba.

Ta tambayi matata Regina, ta tambayi ’yarmu Dinah da ke karatu a Zariya. Ta tambayi jikina. Na ce lafiya lau.

Laraba, 7 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Faks ya iso. Kwamfuta uku a shafi ɗaya, da rubutu ƙanana kamar tururuwa.

Madam Somkene ’yar Ibo ce, amma a kwatas ɗin reluwe aka haife ta, ubanta direban jirgi ne. Hausarta da sauri, kuma kowa “kai” ne a bakinta, mace ko namiji. Ita ce ta fara kawo kwamfuta layinmu, tana buga wa mutane wasiƙu da katin biki. Na ce mata na manta tabarau, ta karanta mini. Tabaran yana aljihuna.

Ta farko fuskarta babba, inci sha huɗu, amma memorinta talatin da biyu. Ta biyu fuskarta inci sha biyu, memori sittin da huɗu kuma ana iya ƙarawa, ma’ajiyarta ta ninka ta farko, tana da ramin da ake sa katin jawo bidiyo daga kaset. Ta uku kuwa Madam ta ja mata layi da biro. Ta ce irin fuskar nan ce da in ka karkata kai launi ya wanke, ta masu buga wasiƙa ce.

Na tambaye ta mene ne memori. Ta yi ta bayani da Turanci da Hausa, sai can na gane da kaina. Tiren wanki ne. In tirenka ƙarami ne, babbar takarda ba za ta kwanta a ciki ba, sai ka yi ta lanƙwasawa kana jira. Ma’ajiya kuwa akwatin nagatif ce, inda aiki yake kwana. Ta yi dariya ta ce haka za ta riƙa gaya wa mutane daga yau.

Ni dai babbar nake so.

Juma’a, 9 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na ɗiga maganin ido safe da yamma, a ɗakin duhu inda nake wanke hoto. Kwalbar tana bayan galan ɗin sinadari.

Lahadi, 11 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Ruwa ya sauka tun muna majami’a, har ba a jin fasto saboda kwano. Na ƙarshe-ƙarshe ne. A hanyar gida an fara shanya citta a gindin shaguna, masu ita suna ta kwashewa da gudu.

Watan jiya da na je Kano na ce wa Regina takarda da sinadari zan saro. Na saro kam. Amma ba su kaɗai suka kai ni ba. A asibitin ido likita ya sa na zuba ido a kan wani ɗigo, ya ce in ɗaga yatsa duk lokacin da na ga haske ta gefe. Na daɗe zaune ban ɗaga ba. Ya faɗi sunan abin da Turanci, ba zan rubuta shi a nan ba. Ya ce na hagu ya riga ya yi nisa, abin da ya tafi ba ya dawowa. Na dama yana so a yi masa aiki kafin shekara ta fita, kuma in zo da wani nawa.

Ban gaya mata ba.

Alhamis, 15 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Kujerar nan mai ƙafa uku da take zama a tsakiyar situdiyo, wadda na yi tuntuɓe da ita sau biyu, yanzu tana jikin bango. Ban tambayi wanda ya matsar da ita ba.

Asabar, 17 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Biki a Fadan Kagoma. Christopher, ɗan Malam Wilfred, wanda ya koya mini karatu a firamare. Malam ya ce ba mai ɗaukar auren ɗansa sai Meshak. Na ɗaure kyamarar bidiyo a kan ƙafafunta a gaban bagadi, na riƙe ta hoto a hannu. Zumuntar mata sun yi waƙa da tulu da kacau-kacau har ƙasa tana motsi. An ci faten acca da doya. Rana ta yi kyau, ba zafi, gajimare ya tace hasken yadda nake so.

Hoton iyali gaba ɗaya na ɗauka sau biyar a ƙofar majami’a, don kada wani ya rufe ido.

Na dawo a gajiye. Na ɗiga maganin.

Talata, 20 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na wanke hotunan jiya, yau Regina ta zauna a kantar situdiyo tana jera su a albam kamar kullum. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana kula da kantar, tun da reluwe suka rage ma’aikata aka sallame ta daga aikin buga tafireta. Ina ciki ina aiki. Sannan ta kira ni.

“Baban Dinah, ina Mama?”

Na ɗauki hoton na kawo shi kusa. Uwar ango tana tsaye a ƙarshen layi ta hagu. Abin da ya fito nata kafaɗa ce da bakin ɗankwali. Na duba na biyu, haka. Duka biyar haka.

Na ce madubin leƙawa na kyamarar ya goce, zan kai ta Jos a duba. Regina ta ce to. Ta ware biyar ɗin ta sa a ambulan, ta ci gaba da jera sauran.

Laraba, 21 ga Oktoba, tsakar rana

Kyamarar lafiyarta ƙalau.

Juma’a, 23 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na je wurin Madam Somkene na tambaye ta ko kwamfuta za ta iya ciro mutum daga wani hoto ta dasa shi a wani. Ta ce sosai ma, in akwai sikana, wato abin da ke kwashe hoton takarda ya shigar da shi ciki, kuma tana da ita, zan iya zuwa in yi amfani da ita kafin in samu tawa. Amma ta ce irin wannan aikin shi ne mai cin memori, don hoto biyu manya ne a buɗe lokaci ɗaya. Babbar nan da nake so, zan danna in je in sha ruwa in dawo ba ta gama ba. Game da bidiyo kuwa ta ce kada Lucia ta ruɗe ni: ko ta biyun ba za ta haɗiye kaset ɗin biki mai awa uku ba. Abin da za ta iya shi ne sunayen ango da amarya a farko, da ɗan guntun minti biyu ko uku. Sauran in ci gaba da yankawa da na’urorin bidiyo biyu yadda na saba.

Na ce duk da haka babbar fuska nake so, aikin ido ne.

Ba ta yi musu ba. Ta zaunar da ni gaban tata kwamfutar ta kan tebur, mai fuska kamar talabijin, ta buɗe hoton wani jariri ya cika allon, ta ɗora hannuna a kan linzamin. Akwai wata ’yar kibiya da ke bin hannun mutum. Da na ja ta hagu sai ta ɓace. Na nemo ta, ta sake ɓacewa. Na ga kaina ina juya kai gefe da gefe kamar mai tsallaka titi, kuma ban taɓa ganin jaririn gaba ɗaya ba, sai kunne, sai hanci, sai ƙafa.

Madam ta miƙo hannu ta rage hoton ya koma kamar tafin hannu biyu. Sai ga yaron nan duka, yana dariya, da ƙaramar hularsa.

“Oga Meshak, babban sikirin ba zai taimake ka ba,” in ji ta.

Wata mata ta shigo da wasiƙa, ta juya gare ta.

Asabar, 24 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Dutsen Kagoro ya fito fes daga ƙofar situdiyo, ruwa ya wanke shi. Na kalle shi kashi uku.

Talata, 27 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Malam Wilfred ya zo da kansa a acaɓa karɓar albam. Na ba shi har da ambulan ɗin, na ce kyamara ce ta ba ni matsala, in ya yi haƙuri zuwa Kirsimeti akwai na’urar da za ta gyara. Ya duba hotunan a hankali, ya ce aikin ɗan Adam ne, ba komai. Har ya yaba na cikin majami’a.

Na ji sauƙi. Bai kamata in ji ba.

Juma’a, 30 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Malam ya dawo. Bai karɓi ruwa ba. Ya ce matarsa ta ga hotunan, kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Tun kafin bikin akwai ’yar tsama tsakaninta da dangin amarya kan wurin zama, yanzu ta ƙulla a ranta cewa su ne suka sa ni in yanke ta. Ta gaya wa matan zumunta. Amarya ta ji, ta yi kuka, Christopher ya daina shiga gidan uwarsa. Aure bai yi sati biyu ba.

Malam ya ce shi ya san ni tun ina da gajeren wando, ya san ba zan yi haka ba. Amma sau biyar, Meshak? Ya ce in akwai abin da zan gaya masa, yana ji.

Na ce kyamara ce.

Regina tana bayan kanta, tana jin komai. Ba ta ɗago ba.

Asabar, 31 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Ban gaya mata ba.

Lahadi, 1 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Daga majami’a ban bi hanyar gida ba, na ce wa Regina mu biya situdiyo. Na buɗe ɗakin duhu na ce ta shigo. Tun da muka yi aure a iya sanina ba ta taɓa wuce labulen nan ba, ni na hana, wai kada haske ya shiga. Na kunna jar fitila. Na miƙa hannu bayan galan na ɗauko kwalbar na ba ta.

Ta juya ta a hannu, ba ta karanta takardar jiki ba.

“Tun watan jiya nake ganinta,” ta ce. “Ina jira ne ka gama jin kunyata.”

Na gaya mata duka, da ɗigon, da yatsan da ban ɗaga ba, da aikin da likita yake so a yi. Ta tambayi ranar da ya ce in koma, na ce tun sati biyu da suka wuce. Nan ne kawai ta ɗaga murya. Bayan ta huce ta sa na zauna a kan kujera, ta kunna farar fitila, ta ɗaga haɓata ta ɗiga mini maganin da kanta. Ta ce ashe rabi a kumatu nake zubarwa. Muka yi addu’a a tsaye tsakanin tire da tire.

Da za mu fita ta ce maganar Kano daban, maganar Mama daban, kuma ta Mama ce ba za ta jira ba.

Lahadi, 8 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Mun yi sujada a Fadan Kagoma. Bayan an tashi muka je gidan Malam Wilfred, na roƙa a kira Christopher da matarsa. Na durƙusa gaban Mama na yi magana da yarenmu, don ban so kalma ɗaya ta kauce. Na ce ba wanda ya aike ni. Na ce ta tsaya a gefen da ba na gani da shi, kuma na san da ciwon kafin in karɓi aikin, girman kai ne ya sa na yi shiru.

Mama ba ta yarda nan da nan ba. Ta tashi ta zagaya ta hagu ta tsaya, ta tambaye ni yatsa nawa ta ɗaga. Na ce Mama, ban ma san kin tsaya a wurin ba. Sai ta zauna. Can ta kira amarya ta ce ta kawo mini ruwa, kuma da sunanta ta kira ta.

Suka sake sa kayan bikin. Na jera su a gindin mangwaron gidan, na auna haske, na gyara tsayuwar kowa, Mama a tsakiya kusa da amarya. Sannan na matsa na ce wa Regina ta leƙa ta gaya mini abin da ke gefe da gefe. Ta ce hannun Malam ya fita, in ja baya taku ɗaya. Na ja. Ta ce yanzu kowa yana ciki. Na ce to ta danna.

Malam ya rako mu har bakin titi, ya ba mu doya biyar. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Talata, 10 ga Nuwamba, tsakar rana

Hoton ya fito. Kowa yana ciki.

Alhamis, 12 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai Regina wurin Madam Somkene. “Maman Dinah, kai zauna nan,” ta ce, ta ja mata kujera. Yatsun Regina ba su manta tafireta ba, linzamin ne ya ɗan ba ta wuya, da farko ta riƙe shi kamar dutsen guga. Kafin awa ɗaya ta goge tabon ruwa daga goshin wani tsoho a hoton da Madam ta shigar. Ni da fensir wannan aikin rabin yini ne, kuma bana ban iya shi ba.

Na tsaya a bayanta ina gaya mata kada ta goge layukan fuska, in ta goge su ba shi ba ne kuma. Ta ce ta ji.

Laraba, 18 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mun zaɓa. Regina ta karanta takardar da kanta, ta yi wa Madam tambayoyin da ni ban yi ba: awa nawa batir yake yi in an ɗauke wuta, ko za a iya jona ta da babban allo nan gaba, ko ana samun mai gyara a Kaduna. Ta biyu. Madam ta ce a rubuta wa Lucia ta sa a ƙara memorin tun a kantin, ta haɗo da katin bidiyo da batir na biyu, kuma kada ta yarda a lallaɓa ta ta karɓi mai wankakken launi.

Regina ta buga wasiƙar. Da ta gama ta tambaya ko akwai ƙari. Na ce ta rubuta: Lucia, idona ba lafiya, za a yi mini aiki a Kano ran ɗaya ga Disamba, Regina ce za ta yi aiki da kwamfutar. Ta buga, na sa hannu, takardar ta shige cikin faks tana ƙara.

Alhamis, 19 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Lucia ta bugo. Ta yi mini faɗa na nas, sannan na ƙanwa. Ta ce Baba ma haka nasa ya fara, kowa ya ce tsufa ne. Ta sa na yi alkawari za a duba idon Dinah in ta zo hutu.

Lahadi, 29 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

An yi mana addu’a a majami’a da suna. Na ji nauyi, amma ban mutu ba. Gobe da asuba motar Kano.

Juma’a, 11 ga Disamba, ƙarfe tara na safe

Mun dawo. Likita ya ce aikin ya yi, abin da ya rage zai iya zama in na kiyaye. Bai ce har yaushe ba, ni ma ban tambaya ba. An hana ni ɗakin duhu da ɗaukar kaya mai nauyi. Rubutu kaɗan.

Lahadi, 20 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Lucia ta iso jiya, ta yi ƙiba, Hausarta ta ɗan yi tsami. Kwamfutar baƙa ce, ta fi yadda na zata nauyi. Da aka kunna ta a teburin falo maƙwabta suka cika ƙofa. Fuskarta ƙarama ce kam. Ina ganinta daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da na juya kai ba.

Laraba, 23 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Situdiyo cike da masu hoton Kirsimeti tun safe. Ni nake jera mutane in saita fitilu, Regina ta leƙa ta danna. Da rana ta yi aka ɗan sarara, ta shiga ciki da kwamfutar tana gyara hoton wani soja da gara ta cinye masa rabin hula, jikokinsa suna so kafin sabuwar shekara. Na tsaya a kanta ina cewa inuwar ta yi yawa a nan, ta rage a can. Ta ce in matsa, ina tare mata haske. Na fito na zauna a bayan kanta.

Wani mutum ya shigo da matarsa da ’ya’ya uku cikin anko, ya gaishe ni, ya tambaya ko mai hoto yana nan.

Na ce su zauna, tana zuwa.